Banki ya hana ni taɓa kuɗin mahaifiyata a Ingila, ina mafita?

Ɗan'uwa, ka ce Hajiya ta kamu da ciwon mantuwa, banki kuma ya rufe maka ƙofa. Allah ya ba ta lafiya. Bankin bai yi laifi ba, don a can zama ɗa ba ya ba mutum iko da kuɗin uwarsa.

In ba ta sa hannu a takardar wakilci ba tun tana cikin hayyacinta, sai ka nufi Kotun Kariya, mai duba lamuran waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara, wadda wata doka ta 2005 ta kafa, ta soma aiki a 2007. Likita zai cike takardar shaidar cewa ba ta iya yanke shawara kan kuɗi. Dole a sanar da ita kanta, da aƙalla mutum uku na kusa da ita, mai ja ya ja. In alƙali ya gamsu, sai ya naɗa ka wakili.

Nan fa aikin yake. Duk shekara za ka miƙa lissafi ga ofishin da ke sa ido kan wakilai, saboda haka ajiye kowane rasit, ko na kuɗin wuta ne. Kada kuɗinta da naka su kwana a asusu ɗaya, alƙali yana tsige wakilin da ya ci amana. Maganar neman wakilcin takan ɗauki watanni kafin takardar naɗin ta fito.