Amsa: Dalilin da ya sa Tir yake da hannu ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake zana Tir, ɗaya daga cikin allolin da aka bauta wa, da hannu ɗaya a tatsuniyoyin mutanen Arewacin Turai na dā. Amsar tana cikin labarin Fenrir, ƙaton kyarkecin da Loki, makirin cikin allolin, ya haifa, kamar yadda Snorri Sturluson na ƙasar Aisland ya rubuta wajen shekarar 1220.

Allolin da waɗannan mutane suke bauta wa su ne suka reni kyarkecin, amma da suka ga girmansa yana ƙaruwa kullum, ga kuma duba ya nuna cewa shi ne ajalin Odin, shugabansu, sai suka ƙudura ɗaure shi. Sau 2 yana tsinke sarƙoƙinsu. Daga nan wadanni maƙera suka haɗa musu wata igiya mai laushin siliki, Gleipnir, daga abubuwa 6: ƙarar takun kyanwa, da gemun mace, da saiwar dutse, da jijiyar beyar, da numfashin kifi, da yawun tsuntsu. A ganina nan ne gwanintar labarin take, domin an ce rashin waɗannan abubuwa a duniya shi ne shaidar cewa igiyar ta cinye su.

Fenrir ya zargi makirci, don haka ya ƙi yarda sai wani ya sa hannu a bakinsa a matsayin jingina. Tir kaɗai, wanda dama shi ke ciyar da shi, ya miƙa na dama. Da igiyar ta ƙi tsinkewa, sai kyarkecin ya datse hannun, kowa ya yi dariya ban da Tir.