Log ya cika mana diski, in kashe shi baki ɗaya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani biro a nan Damagaram, muna da manhajar da takardu ke bi daga sakatare zuwa mai kuɗi har darakta ya sa hannu. Sati 2 ke nan tana tsayawa, diski ya cika fal, kuma in an ɗora takardar da aka yi wa sikanin sai ta nuna 413. Wani mai gyara ya ce log ne, wato fayil ɗin da manhajar ke rubuta abin da ke faruwa a cikinta, wai shara ce, in goge in kashe shi. Wallahi ina tsoro kar dosiyen mutane su ɓace a hannuna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa komai, kwafi rumbun bayanan da takardun ka aje a wani diski daban, yau ba gobe ba.

Shi 413 babu ruwansa da log, lambar kuskure ce da ke nufin fayil ɗin da aka ɗora ya wuce girman da aka yarda. In Nginx ne a gaba, wato manhajar da ke fara karɓar buƙatun masu shigowa, client_max_body_size ɗinsa (iyakar girman abin da za a ɗora) megabait 1 ne kawai tun asali, sikanin mai shafi 10 kuwa yakan wuce haka, ka ɗaga shi zuwa 50m (megabait 50) ka gwada saitin da nginx -t sannan ka sake loda Nginx ɗin. In Tomcat ne a baya, wato wanda ke gudanar da manhajar takardun, ka bar shi kan ƙofa 8080 amma ɗaure da 127.0.0.1 (adireshin injin kansa), mutane su shigo ta ƙofa 443 ta Nginx kaɗai.

Yanzu maganar mai gyaran nan, ita ce ke ci min rai don kusan kullum sai na ji ta. Log ba shara ba ce! A manhajar takardu shi ne shaidarka. Ranar da aka ce an sa hannu a takardar kuɗi darakta ya ce ba shi ba ne, ko dosiye ya yi wata 3 kowa na cewa bai iso teburinsa ba, wa za a kira? Kai. In ka kashe log me za ka nuna, rantsuwa? Mai gyaran ya karɓi jikarsa 5 ya hau babur ya tafi, kai za a tsare. Na taɓa zuwa wani biro an goge komai don "inji ya yi sauri", da aka shiga rigima babu wanda ya iya cewa wace kwamfuta ce ta buɗe takardar, wani yaro marar laifi aka ɗora wa, har yau abin na damuna.

Kuma gogewar ma ba ta magani, in saba (manhajar da ke aiki, kamar Tomcat) na riƙe da fayil ɗin a Linux ko ka goge shi wurin ba ya dawowa sai an sake tada ta. Abin da na fi zargi shi ne an bar matakin log a DEBUG tun ranar da aka girka, yana rubuta kowane motsi, wani lokaci har da sunayen mutane da bayanansu. Maida shi INFO ko WARN, matakan da ba su rubuta abu da yawa. Duba catalina.out, fayil ɗin log na Tomcat, shi ba ya yanke kansa, girma kawai yake yi. Sa logrotate, manhajar Linux mai kula da log, ya riƙa yanka shi kullum yana matsewa, ka aje na kwana 30. Amma tarihin wa ya buɗe, wa ya sa hannu, wa ya canza, wannan kar ka yarda a taɓa shi ko wane ne ya ce, ka riƙa kwafe shi zuwa wani inji.

Sai agogo. Da yadda kuran ke ɗaukewa lokacin zafi, in batirin allon kwamfuta ya mutu kwanan wata sai ya koma baya, log mai kwanan ƙarya kuwa ba ya kare kowa. Canza batirin, kunna NTP mai daidaita agogo ta intanet, sa yankin lokaci Africa/Niamey. Kuma ka tabbata Nginx na tura X-Forwarded-For, wato adireshin kwamfutar da ta shigo, kuma Tomcat na karanta shi, in ba haka ba kowa zai fito da 127.0.0.1 kamar mutum ɗaya ne ke aikin biron duka.