Bishiya, madubi da leɓɓan Melinda: yadda ake bin sawun alama a labarin raunin zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen adabi. An ba mu aikin nazarin littafin Speak na Laurie Halse Anderson, aka ce mu fito da alamomin da ake maimaitawa a cikinsa. Na zaɓi bishiya da madubi da baki, na rubuta ma'anar kowanne, amma malaminmu ya dawo mini da takardar ya ce aikin bai nuna ba. Ina kuskuren yake? Kuma ta yaya zan bambance alama da abin da yake kayan labari ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa ukun da kika zaɓa daidai ne. Matsalar tana wajen ba kowannensu ma'ana ɗaya tak, kamar a ce bishiya rayuwa ce, madubi sanin kai ne, a rufe babi. A irin wannan labari alama ba ta zama wuri ɗaya. Abin da ake so ki nuna shi ne yadda take sauya kama daga farkon littafi zuwa ƙarshensa, domin a wannan sauyin ne marubuciyar ta ajiye abin da tauraruwarta ta kasa furtawa.

Ki tuna zubin labarin. Littafin ya fito a Amurka a 1999. Melinda Sordino yarinya ce da ta shiga aji na 9 a wata sakandare a birnin Syracuse. Gab da komawa makaranta, wani babban ɗalibi mai suna Andy Evans ya yi mata fyaɗe a wajen wani taron shaƙatawa na matasa, tana da shekara 13. Ta kira 'yan sanda, amma ta kasa faɗin dalili, taron ya watse, ƙawayenta suka juya mata baya. An kasa littafin zuwa zango huɗu na shekarar karatu, kuma mai karatu ba ya jin ainihin abin da ya faru sai a zango na uku. Ita ce mai ba da labarin, ita ce kuma mai ɓoye shi. Saboda haka fiye da rabin littafin, kayan da ke kewaye da ita ne ke magana a madadinta.

Fara da bishiya, don ita ce ta fi nauyi. A ajin zane, malaminsu Mista Freeman ya sa kowane ɗalibi ya zaro takarda ɗaya, abin da ke rubuce a ciki shi zai yi ta zanawa har ƙarshen shekara. Melinda ta zaro bishiya. Da farko bishiyoyin da tsawa ta faɗa wa take zanawa, baƙaƙe, sun kusa mutuwa. Daga baya ta koma sassaƙa a kan faifan roba, nan ma ta yi ta ɓata faifai, bishiyar na fitowa a sandare ba rai, domin tana neman ta fitar da ita ba aibu. A zango na ƙarshe sai bishiyar ta fito daga takarda ta shigo gidansu: aka kira masu sara su datse matattun rassan babbar bishiyar da ke ƙofar gida, mahaifinta ya bayyana cewa datsewar ce za ta ba ta damar sake tohowa. A daidai wannan lokaci Melinda ta fara share busassun ganyen farfajiya, ta nemi a sayo mata irin furanni. Zanenta na ƙarshe bishiya ce mai tabo da reshe mara lafiya, amma da sabon toho da tsuntsaye. Kin ga matakai huɗu ke nan, kuma wanda ya rubuta cewa bishiya na nufin rayuwa ya zubar da uku daga cikinsu. Ki lura da reshen nan mara lafiya sosai. Marubuciyar ba ta yarda ta ce yarinyar ta warke sarai ba, kuma a ganina wannan ne wurin da littafin ya fi riƙe gaskiya.

Madubi ya fi sauƙin bi, don sau uku ya taka babbar rawa. A ɗakinta na gida ta sauke shi daga bango ta jingine shi a kabad, fuskarsa na kallon bango. A makaranta ta samu wani tsohon ɗakin ajiyar kayan shara ta mai da shi maɓoya, akwai tsagaggen madubi a ciki, ta rufe shi da hoton marubuciya Maya Angelou. Zaɓen wannan hoto ba banza ba ne: ita ma Angelou an yi mata fyaɗe tana ƙarama, ta yi kusan shekara biyar ba ta magana. Na uku shi ne ranar da Andy ya ritsa Melinda a wannan ɗakin yana neman maimaita abin da ya yi. Ta fasa madubin, ta ɗauki ɓallin gilashin ta ɗora masa a wuya. Abin da ta shekara tana gudu shi ya zama makaminta. Idan kika haɗa wannan da ɗakin kansa, za ki ga cewa maɓoyar da ta ba ta numfashi ita ce ta zame mata tarko, kuma ta shigo ne ranar don ta kwashe kayanta ta bar wurin.

Baki kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Tana cizon leɓɓanta har su yi ɓawo, maƙogwaronta na ciwo, magana na maƙale mata. Wurin da ya fi cancanta ki kawo shi ne abin da ta haɗa da ƙasusuwan talotalo bayan bikin godiya na watan Nuwamba: ta ɗora kan 'yartsana a tsakiya, ta liƙe bakin da salatif. Hannunta ya riga harshenta faɗin maganar da watanni.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Ki gwada kowane abu da tambayoyi uku. Ya dawo aƙalla sau uku? Yana dawowa ne a lokacin da tauraruwar ke cikin matsi ko tana gab da yanke shawara? Kamanninsa ko dangantakarta da shi sun sauya? Wanda ya tsallake ukun alama ce mai dawowa. Wanda ya bayyana sau ɗaya kada ki yar da shi da gaggawa, ki duba ko yana da dangi. Kwaɗon da aka shimfiɗa aka kafe wa gaɓoɓi a ajin kimiyya, har Melinda ta suma, sau ɗaya ya fito. Amma ɗan uwan zomo ne, wanda take kwatanta kanta da shi duk lokacin da ta yi kiciɓis da Andy ta daskare. Su biyun rukuni ɗaya ne: ƙaramar dabba a hannun wanda ya fi ƙarfinta.

A nan ne mai karatu Bahaushe ke yawan zamewa. Zomon tatsuniyoyinmu mai wayo ne, na wannan littafi kuwa tsoro ne ya sandarar da shi. Haka shirun Melinda: wanda ya tashi inda ake yaba kunya da kawaici yana iya ɗaukarsa ɗabi'ar kirki, alhali a littafin ciwo ne da ke cin makinta a takardar sakamako, yana raba ta da iyayenta. Ma'anar alama daga cikin littafin ake ciro ta, daga abin da ya faru kafin ta bayyana da bayanta.

Wajen aikin kansa, ki ja layi a takarda ki yi gida huɗu: shafi, abin da ya bayyana, abin da ya faru dab da shi, da yadda ya bambanta da bayyanarsa ta baya. Ki sake karanta littafin da wannan takarda a gefe, zango bayan zango. Gida na huɗu shi ne nazarinki, sauran ukun hujja ne. Alamomi uku da aka bi daga farko zuwa ƙarshe sun fi goma da aka jero, don haka kada ki ƙara a kan waɗanda kike da su, sai dai ki shigar da ɗakin ajiyar ƙarƙashin madubi, zomo da kwaɗo ƙarƙashin baki. Kowane sakin layi ya kawo bayyana biyu ko uku a jere da lambar shafi, sannan ki faɗi abin da ya sauya.

Za a iya tambayarki ko marubuciyar ta yi nufin duk wannan. Littafin da kansa ya ta da wannan gardama: a ajin Turanci, Rachel, tsohuwar aminiyar Melinda, ta ƙalubalanci malamarsu kan yadda aka san marubucin da suke karantawa ya nufi ma'anonin da ake ɗora wa littafinsa. Amsarki ita ce takardar nan taki. Ba ki shiga zuciyar marubuciya ba, amma kina iya nuna shafi da shafi cewa abin ya dawo kuma ya sauya.

Sai ki kiyayi rubuta cewa zane ne ya warkar da Melinda. Kafin zanen ƙarshe ta riga ta rubuta gargaɗi game da Andy a bangon banɗaki, wasu 'yan mata suka ƙara nasu a ƙasa, ta kuma gaya wa Rachel gaskiya a rubuce duk da cewa ba ta yarda da ita nan take ba. Ki jera waɗannan matakai kafaɗa da kafaɗa da matakan bishiyar, ki nuna wa malaminku inda suka haɗu a zango na huɗu.