Kamun kifin bas a kwale-kwale a kogunan Ozark

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Yawuri ne, a gidan masunta na tashi, yanzu kuma ina karatu a jihar Mizuri ta Amurka. Abokan karatuna sun gayyace ni kamun kifi a kwale-kwale a kogin Jacks Fork a ƙarshen watan Afrilu. Suna ta zancen wani kifi, bas mai ƙaramin baki, wai ko an kama shi sai a mayar da shi ruwa. Yaya ake kama shi, me zan tanada, kuma ina amfanin shan wahala a kan kifin da ba za a ci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka amsa gayyatar, amma ka sani kogin da za ka shiga ba irin Neja ba ne, kuma bambancin ya fi yawa a ruwan kansa, ba a kifin ba.

Jacks Fork reshe ne na kogin Current, suna haɗuwa gaba kaɗan da garin Eminence. A 1964 gwamnatin Amurka ta sa kogunan biyu ƙarƙashin kariya, tsawon mil 134, wato kusan kilomita 215. Ƙasar yankin Ozark, inda kogunan suke, dutse ne mai ramuka da koguna a ƙarƙashinsa, ruwan sama ya kan nutse ciki ya ɓullo a wani wuri a matsayin marmaro. Akwai Alley Spring a kan Jacks Fork, akwai kuma Big Spring kusa da Van Buren, wanda ke fitar da fiye da lita biliyan ɗaya a rana. Ruwan waɗannan marmaro yana fitowa da ɗumin kusan digiri 14 a ma'aunin Salsiyas, rani da damina. Saboda haka kogin garau yake, kana hango tsakuwar ƙasa daga cikin jirgi, kuma yana da sanyi. Kifin da kake hangowa shi ma yana hango ka. Wanda ya saba da jan ruwan damina, inda ake matsowa dab da kifi a watsa birgi, wannan ne abu na farko da zai ba shi wuya.

Shi kifin ba wani ƙato ba ne. Launinsa ruwan tagulla ne da ratsi-ratsi a tsaye a gefen jiki, sau da yawa idonsa ja. Ana bambanta shi da ɗan'uwansa mai babban baki ta muƙamuƙin sama: nasa ba ya wuce bayan ido, na wancan yana wucewa. Mafi girma da aka taɓa kamawa, a tafkin Dale Hollow a 1955, bai kai kilo biyar da rabi ba, kuma a kogi irin Jacks Fork in ka samu mai kilo ɗaya ka yi sa'a. Kai da ka san giwar ruwa za ka raina shi da ido. Abin da ya ja masa suna shi ne faɗa: da ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle sama, ya girgiza kai, ya nutsa ya nufi ƙarƙashin dutse, bai san gajiya da wuri ba.

Inda za ka same shi kuwa, ɗumin ruwa ne ke faɗa maka, ba kwanan wata ba. In ruwa bai kai digiri 10 ba, yana kwance a wurare masu zurfi da ruwa ke tafiya a hankali, kusa da manyan duwatsu, ba ya son bin abinci da nisa. A hunturu ma har taruwa suke yi kusa da bakin marmaro, don nan ya fi sauran kogin ɗumi. Da ruwa ya haura digiri 12 ko 13 sai su fara fitowa suna ci da ƙarfi, kuma wannan ne lokacin da ake kama manya. Tsakanin digiri 15 da 18 sai aure: namiji ya share tsakuwa da wutsiya ya yi sheƙa a wuri marar zurfi, mace ta zuba ƙwai ta tafi, shi ya tsaya gadi har 'ya'yan su watse. Ƙarshen Afrilu yakan faɗo a kan iyakar waɗannan matakai biyu, ya danganta da yadda shekarar ta zo. Ka sayi ɗan ma'aunin zafin ruwa, ba shi da tsada. Ka kuma lura da wani abu da sabbin shiga ba su cika lura da shi ba: in rana ta fara zafi, sashen kogi da ke sama da babban marmaro ya kan riga na ƙasa ɗumi, domin marmaron na ci gaba da zubo ruwa mai digiri 14. A yini ɗaya kana iya wuce kifin da ya riga ya yi sheƙa, ka gangaro ka tarar da wanda bai fara ba.

Karatun ruwan da ka taso da shi zai yi maka aiki sosai. Bas ba ya tsayawa a tsakiyar igiya yana kokawa da ita. Yana laɓewa ne a inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya: bayan dutse, ƙarƙashin saiwar bishiyar da ta faɗo, gindin tsauni inda ruwa ya ci ƙasa ya yi zurfi, da wurin da ruwa ya gama gudu a kan tsakuwa ya zuba cikin gurbi. Daga nan yake jiran abin da igiya za ta kawo masa. Babban abincinsa wani jatan lande ne na ruwan daɗi mai hannuwan matsi irin na ƙaguwa, sai ƙananan kifaye da tsutsotsin ƙwari da ke ƙarƙashin duwatsu.

Kayan aiki ba su da yawa. Sandar fatsa mai na'urar naɗe zare, wadda ba ta wuce mita biyu ba, da siririn zare mai ɗaukar kilo uku zuwa huɗu, don ruwan garau ne. Ƙoto kuwa na roba ne mai siffar wannan jatan lande, launin ƙasa-ƙasa ko kore mai duhu, da 'yar dalma a kan ƙugiya. Ka jefa shi sama da inda kake zaton kifi yake, ka bar shi ya taɓa ƙasa, ka riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan yana gangarowa da ruwa. In ruwa na da sanyi, ka rage sauri har sai ka ji ka ƙosa, sannan ka ƙara ragewa. Wani ƙoton mai siffar ƙaramin kifi, wanda ake fizgarsa a tsaya, shi ma yana ci, kuma yawanci a lokacin tsayawar ne bas ke kai masa cafka. Waɗannan biyun sun ishe ka, kada masu shago su cika maka jaka.

A ganina babban kuskuren masu zuwa wannan kogi shi ne zama a jirgi daga safe har yamma suna jifa yayin da ruwa ke tafiya da su. Kwale-kwalensu na roba ne ko na alminiyam, ba shi da nauyin namu na katako, igiya na ɗaukarsa da sauri, kafin ka yi jifa biyu ka wuce wurin. Ka ɗauki jirgin a matsayin abin hawa. In kun hango gurbi mai kyau, ku sauka a tudun tsakuwa, ku ja jirgin sama, ku taka a hankali ku yi fatsa daga ƙasa. In dole sai daga cikin jirgi, na baya ya ajiye sandarsa ya riƙe filafili yana tsayar da jirgin, na gaba ya yi jifa, in an jima ku yi musaya. Kada ka bugi jikin jirgi da filafili, ƙarar na tafiya nesa a ruwa. Kuma ku zaɓi gajeriyar tafiya: kilomita takwas zuwa goma sun isa yini guda ga mai kamun kifi.

Kada iya ruwa ya ruɗe ka. Ruwa mai digiri 14 yana kashe ƙarfin hannu da ƙafa da wuri, ko ga gwanin iyo. Ka sa rigar kariya a jiki, ba ka zauna a kanta ba, ka kuma ɗaure busassun tufafi a jakar da ruwa ba ya shiga. Abin da ya fi kifar da jirage shi ne bishiyar da ta faɗo a kan kwana: ruwa na ratsa rassanta ya wuce, jirgi da mutum kuwa su maƙale. In ka gan ta, ku sauka ku ja jirgin ta gefe, ba abin kunya ba ne. Afrilu kuma watan ambaliya ne a can. A ƙarshen Afrilun 2017 kogunan nan sun yi cikar da ba a taɓa rubuta irinta ba. Ku duba ma'aunin tsayin kogi a intanet kafin ku fita, domin in ruwa ya hau hukumar wurin na rufe shi ga masu kwale-kwale.

Sai maganar mayar da kifi. Da farko dai doka ce: a yawancin kogunan Ozark na Mizuri, daga 1 ga Maris har zuwa ƙarshe-ƙarshen Mayu, duk bas da ka kama dole ka sake shi nan take. Ko bayan an buɗe lokaci, wanda bai kai inci 12 ba ba a ɗaukarsa, a wasu sassan kuma sai inci 15, guda ɗaya tak a rana. Dalilin a fili yake. A wannan ruwa mai sanyi kifin na ɗaukar kusan shekara biyar kafin ya kai inci 12, mai inci 18 kuwa ya kusa shekara goma. Karfasar gida ba ta jiran haka. Kuma in ka cire namiji daga kan sheƙa, ƙananan kifaye na far wa ƙwan kafin ya dawo. Shi ya sa nake ba ka shawara, in ka ga kifi tsaye a kan farar da'irar tsakuwa, wato sheƙarsa, bai gudu ba, ka bar shi ko da doka ba ta hana ka jifa ba. Wanda ka kama kuwa, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka riƙe leɓen ƙasa, ka zare ƙugiya da filaya, ka sake shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Ka sayi lasisin kamun kifi na jihar kafin ranar, ana samunsa a intanet da shagunan kayan fatsa. Birgi da kalli ba a kama bas da su a can, laifi ne mai tara. In kana son abin soyawa da yamma a bakin kogi, akwai wani gajeren kifi mai faɗin jiki da manyan jajayen idanu, suna ce masa gogul-ai, yana zama a cikin saiwoyi kuma yana cin ƙoton da bas ke ci. Ba a rufe lokacinsa a Afrilu, namansa fari ne mai daɗi, sai dai shi ma yana da iyakar tsawo da ta adadi, kuma sun bambanta daga wani sashen kogi zuwa wani, don haka ka karanta littafin dokokin shekarar kafin ka sa shi a jaka.