Tambaya da Amsa: Me sanyi ke yi wa ƙarfe a injin CERN?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran firiji ne a Pantami, Gombe. A sana'armu, kafin mu ɗura gas sai mun zuƙe iska da danshi daga bututu da injin bakum. Ƙanena da ke karatun kimiyya a Bauchi ya ce akwai wani inji a Turai mai bututun kilomita 27, babu iska a ciki, kuma ya fi sararin samaniya sanyi. Wane bakum ne zai iya zuƙe wannan? Kuma ƙarfen ba ya tsagewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanen naka bai yi ƙari ba. Injin LHC yake nufi, na cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, wanda aka kunna a 2008. Ana kora ƙwayoyin furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, a cikin bututun, manyan maganaɗisu 1,232 na lanƙwasa musu hanya. Da ruwan hiliyom ake sanyaya maganaɗisun zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri.

Batun tsagewa gajere ne. Baƙin ƙarfe irin na rodi da ƙofa, in ya sha wannan sanyi, taurinsa kan koma na gilashi, bugu ɗaya ya fashe. Shi ya sa ake amfani da wani nau'in silba, wato ƙarfe mara tsatsa (stainless steel), da jan ƙarfe, da alminiyom, waɗanda sanyi ba ya yi wa haka. Sai dai duk suna takurewa. Kowace mita tana rage kusan milimita 3, in ka haɗa zagayen duka ya kai wajen mita 80, don haka aka sa mahaɗai masu naɗi da ke miƙewa su koma.

Tambayarka ta farko ta fi nama. Injinan bakum suna fara aikin, amma bangon bututun ne ke ƙarasa shi. Ka san yadda danshi ke kama jikin firiza ya zama ƙanƙara? To a wancan sanyi kusan kowace irin iska haka take yi: da ta taɓa bango sai ta manne. Haidirojin mai gardama ma yana kwantawa. Da haka abin da ya rage a bututun yake zama kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na iskar da muke shaƙa.

Amma fa iskar ba fita ta yi ba, kwance take a jikin ƙarfe, kuma riƙon ba mai ƙarfi ba ne. Furoton idan suna shan kwana sukan fitar da haske, hasken ya daki bango ya tayar da abin da ya kwanta, ya kuma kawo zafi. Kai ka fi ni sanin cewa gwargwadon sanyin da ake nema, gwargwadon wahalar kwamfireso. A can, cire wat ɗaya na zafi yana cin ɗaruruwan wat na lantarki. Dabarar da suka yi ita ce zura wani siririn bututu a cikin babban, na silba, an shimfiɗa masa jan ƙarfe a ciki wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ana barin sa da ɗan ɗumi, tsakanin digiri 268 da 253 ƙasa da sifiri, shi ke tare zafin. An huda masa ƙananan tsagogi, iskar da ta tashi ta bi ta nan ta manne a bango mafi sanyi, inda haske ba ya kaiwa. A ganina wannan ce dabara mafi kyau a duk tsarin.

Babban ciwon kai shi ne ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki a cikin ƙarfe. Hasken yana fizgo su daga jan ƙarfen, ayarin furoton na gaba ya ja su ya maka da ɗaya bangon. In kowane ɗaya yana fizgo fiye da ɗaya, nan da nan sun cika bututun, su dumama shi, su hargitsa tafiyar furoton. Maganin da ban mamaki: da gangan ake barin ilektiron su yi ta dukan bangon na kwanaki, har fatarsa ta sauya, wani siririn rufin kabon ya hau, ta rage zubar da ilektiron. Da an buɗe bututun iska ta shiga, sai an sake wannan horo.

Bayan hutun gyara na 2013 zuwa 2015, huɗu daga sassa takwas na zagayen suka riƙa fitar da zafi fiye da sauran, horon kuma bai daidaita su ba. Da aka ciro wasu bututun aka bincika, sai aka tarar da wata tsatsar jan ƙarfe a fatarsu, dangin baƙin nan da ke fitowa a bututunka in ka yi walda. Ta can ido ba ya ganin ta, amma ta hana bangon horuwa yadda ya kamata. Yanzu mafitar da suka kama ita ce shafa wa cikin bututun siririn kabon tun kafin a rufe shi.