Wa ke sa ido idan an tsagaita wuta?

Malam, ka tambaya daga Maraɗi wa ke tabbatar da cewa gwamnati da ƴan tawaye sun mutunta tsagaita wuta. Galibi ana kafa kwamitin haɗin gwiwa mai wakilan ɓangarorin biyu da masu shiga tsakani, shi ne ke zuwa wurin da aka ji harbi, ya saurari shaidu, ya rubuta rahoto. A yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnatin Nijar da ƴan tawayen Abzinawa, Aljeriya da Burkina Faso da Faransa ne suka shiga tsakani. Wahalar, a ganina, tana wajen tattara mayaƙa a sansani da karɓar makamansu, domin sai a Satumba 2000 aka ƙona bindigogi a Agadas.