Tambaya da Amsa: A ina kayan alhazai suke maƙalewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibinka ne daga Jidda, ina aiki a wani kamfanin kago da ke tura kayan alhazai da 'yan Umara zuwa Kano. Muna da manhaja da ke bin kaya tun daga karɓa, awo, biyan kuɗi, ɗauri, kwastan har jirgi. To bayan Hajji sito ya cika maƙil, mutane sai kira suke wai kayansu sun yi sati uku, mudir wato manajanmu ya tasa ni gaba sai na faɗa masa inda ake samun jinkiri, ni kuma wallahi manhajar inda kaya suke yanzu kawai take nuna min, ba ta faɗin kwana nawa suka yi a wajen. Wani ya ce in saka lisina. Mene ne shi, kuma ba zai sa manhajar ta riƙa nauyi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya taimaka. Ka ɗauka ka zaunar da yaro a ƙofar sito da biro da littafi, ba ya ɗaukar kaya ba ya awo, shi dai duk abin da ya wuce ta gabansa ya rubuta. To shi ne lisina, 'yar manhaja ce da kake maƙalawa jikin babbar, duk lokacin da wani mataki ya fara ko ya ƙare sai babbar ta taɓo ta. In jBPM kuke amfani da shi, wato wani injin manhaja mai tafiyar da aiki mataki-mataki, sunan lisinansa ProcessEventListener, takwararsa Camunda ma tana da nata, kuma kafin ka wahalar da kanka ka leƙa, irin waɗannan injinan galibi suna ajiye tarihin aiki da kansu.

Abu 4 zai rubuta: lambar kaya, wane mataki, wane lokaci, waye ya yi. Amma inda mutane ke tafka kuskure shi ne su rubuta ƙarewa kawai su bar farawa. A ce an gama awon akwatin wata Hajiya ƙarfe 10 na safe, ba a fara ɗaure shi ba sai washegari bayan la'asar, shi ɗaurin kuwa minti 20 ya ci, ka ga in ƙarewa kawai ka rubuta sai a ɗora wa masu ɗauri laifi alhali akwatin zaman jira ya yi a lungu ba wanda ya kula shi, kuma yawanci a irin wannan jiran ne kwanakin ke tafiya. Sannan Jidda tana gaban Kano da awa 2, ka ajiye komai da agogo ɗaya wato UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, in ba haka ba lissafin tafiyar jirgi zai riƙa fito maka a karkace.

Maganar nauyi kuwa eh yana iya jawowa, don sau da yawa babbar manhajar tsayawa take sai lisina ya gama, in ya faɗi ma yana iya jan aikin su faɗi tare. Saboda haka kar ka ba shi lissafi ko tura saƙon waya, ya jefa bayanin a layi kawai ya kauce, wani ya kwasa daga baya. Manyan kamfanoni suna amfani da manhajojin riƙe layin saƙo irin su Kafka ko RabbitMQ, ni dai a ganina kamfani irin naku tebur guda daban a rumbun bayanai ya isa. Ka ba kowane rubutu lambarsa don wani lokaci saƙo ɗaya na zuwa sau biyu. Daga nan sai ka haɗa da Grafana, manhajar da ke nuna bayanai a allo, duk kayan da suka haura awa 48 a waje ɗaya su koma ja a allon mudir.

Kar ka zuba lambar fasfo ko ta wayar alhazai a ciki, Saudiyya tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023, lambar kaya ta wadatar.

Sai ka zauna da yaran sito, don lisina abin da aka danna kawai yake ji. In sun saba tara aikin yini su danna shi gaba ɗaya bayan isha'i, allon zai nuna maka akwati 200 duk an auna su cikin minti 5. A sama musu na'urar sikanin a hannu su riƙa dannawa a take, in ya so bayan sati biyu ka sake rubuto min mu ga abin da ya fito.